Masallaci, coci da kuɗin attajirai: Yadda gidauniyoyi ke ɗaukar nauyin yaƙi da wariya da talauci a Amurka

Tsakanin unguwar Streeterville da unguwar Englewood a birnin Chicago na Amurka, tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Amma wani bincike da Jami'ar New York ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa mazaunin Streeterville yana iya sa ran kaiwa shekara 90 a duniya, yayin da na Englewood, inda kusan kowa baƙar fata ne, ke tsayawa a wajen shekara 60.

A wannan unguwa ta Englewood ne aka buɗe wani kanti mai suna Go Green Community Fresh Market a watan Maris na 2022, inda ake sayar da ganyaye da 'ya'yan itatuwa da nama. Watanni kaɗan bayan haka, katafaren kantin Whole Foods ya rufe reshensa na unguwar ya yi gaba.

Ƙungiyar Musulmi ce mai suna IMAN ta jagoranci buɗe wannan kanti, tare da wasu ƙungiyoyin unguwa. Kuma kamar ɗaruruwan ƙungiyoyin addini da ke irin wannan aiki a Amurka, wani babban kaso na kuɗin da take aiki da su yana fitowa ne daga gidauniyoyin attajirai.

Wannan alaƙa ta gina gidaje da asibitoci, ta kuma ƙara wa leburori albashi. Sai dai ta daɗe tana jawo ce-ce-ku-ce, kuma a yanzu tana fuskantar barazana daga kotuna da gwamnati.

Girman giɓin

Alƙaluman Babban Bankin Amurka na shekarar 2022 sun nuna cewa matsakaicin iyalin farar fata ya mallaki dukiyar da ta kai dala 285,000. Na baƙar fata kuwa dala 44,900 ne kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan shekaru kusan 250 na bauta, a shekarun 1930 hukumomin gwamnati sun zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da bayar da bashin gida ke da haɗari. Bankuna suka ƙaurace musu. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje.

Tunda gida shi ne babbar kadarar da yawancin Amurkawa ke bar wa 'ya'yansu, wanda aka hana kakansa bashin gida yakan tashi ba shi da gado.

Me ya sa ake bi ta wuraren ibada?

Gidauniya a Amurka ta ɗan yi kama da waƙafi. Attajiri ko iyali kan ware dukiya, a zuba ta a hannayen jari, a riƙa rabar da ribar. Gwamnati na yi musu rangwamen haraji, ita kuma doka ta wajabta musu kashe kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyar kowace shekara a ayyukan alheri.

Wasu daga cikinsu sun lura cewa idan banki da masana'anta da babban kanti suka gudu daga unguwa, coci da masallaci ne ke saura. Suna da gini, suna da jama'ar da ke taruwa kowane mako, kuma mutane sun yarda da shugabanninsu.

Gidauniyar Lilly Endowment, wadda iyalin masu kamfanin magunguna na Eli Lilly suka kafa a 1937, ta sanya addini cikin manyan fannoni uku da take tallafa wa. A farkon 2022 aka sanar da cewa ta bayar da dala miliyan 20 domin gyara da adana tsofaffin coci-cocin baƙaƙen fata.

A watan Yunin 2021 kuma, MacKenzie Scott, tsohuwar matar mai kamfanin Amazon, ta raba dala biliyan 2.7 ga ƙungiyoyi 286. IMAN na cikinsu, haka ma Faith in Action, gamayyar da ta haɗa wuraren ibada na addinai daban-daban. Abin da ya bambanta kyautarta shi ne ba ta gindaya sharaɗin yadda za a kashe kuɗin.

Ranar da aka katse ibada

Tarihin wannan harka ba ya cika sai an ambaci ranar Lahadi 4 ga Mayun 1969. A ranar ce ɗan gwagwarmaya James Forman ya shiga cocin Riverside da ke New York, wanda aka gina da kuɗin iyalin Rockefeller, ya katse ibada, ya karanta takardar buƙatu.

Ya nemi coci-cocin fararen fata da wuraren ibadar Yahudawa su biya diyyar dala miliyan 500 saboda hannun da suke da shi a zaluncin da aka yi wa baƙaƙe. A lissafinsa, dala 15 ke nan kan kowane baƙar fata.

Ba a biya ko kusa da haka ba, kuma da yawa daga cikin shugabannin addini sun yi tir da salonsa. Amma maganar ta shiga. Wasu ɗarikun sun ƙara kuɗin da suke warewa domin unguwannin marasa galihu.

A watan Nuwamban wannan shekarar ne bishop-bishop na Katolika suka amince da kafa asusun da a yau ake kira CCHD a taƙaice. Karon farko da aka tara kuɗi a coci-coci a 1970, an samu fiye da dala miliyan 8.

Asusun ya zo da tsarin da ba a saba gani ba. Ba rabon abinci yake yi ba. Ƙungiyoyin da ke haɗa kan talakawa domin su tunkari hukumomi yake ba wa kuɗi, kuma da sharaɗin cewa talakawan ne za su kasance aƙalla rabin masu yanke shawara a ƙungiyar.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka amfana ita ce wadda Barack Obama ya jagoranta a kudancin Chicago daga 1985 zuwa 1988, tun yana matashi.

Abin da kuɗin suka haifar

A birnin Baltimore, limaman coci-cocin da ke ƙarƙashin ƙungiyar BUILD sun lura cewa da yawa daga cikin masu bin layin abincin sadaka suna da aikin yi, albashin ne ba ya kai su ƙarshen wata. Suka haɗa kai da ƙungiyar ƙwadago, suka matsa wa majalisar birnin lamba.

A 1994 birnin ya yi dokar da ta tilasta wa 'yan kwangilarsa biyan albashin da ya ɗara mafi ƙarancin albashi na tarayya, wanda a lokacin dala 4.25 ne a awa. Birane sama da ɗari sun kwaikwayi dokar daga baya.

A gabashin Brooklyn da ke New York, gamayyar coci-coci ta tara asusun bashi marar ruwa a farkon shekarun 1980, hukumar birni ta ba ta filayen da suka zama kango. Da haka aka gina dubban gidaje masu rahusa ƙarƙashin shirin Nehemiah, aka sayar wa ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, galibinsu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka.

Ita kuwa IMAN, an kafa ta ne a 1997, kuma Rami Nashashibi, Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu, yana cikin waɗanda suka assasa ta. Tana da asibitin unguwa, tana kuma da shirin da ke karɓar waɗanda suka fito daga kurkuku, ta ba su masauki, ta koya musu kafinta da aikin wutar lantarki, su gyara gidajen da aka yi watsi da su.

Wannan shiri yana da nauyi a ƙasar da baƙaƙe ba su wuce kashi 14 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoni.

Ƙungiyar ta kuma taɓo wani batu da Musulmin Amurka ba su cika son tattaunawa ba. Da yawa daga cikin ƙananan shagunan unguwannin baƙaƙe a Chicago na Larabawa ne, kuma an daɗe ana zaman doya da manja tsakaninsu da masu sayayya. IMAN ta riƙa bin masu shagunan tana neman su kawo abinci mai gina jiki, su kuma mutunta mazauna unguwa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na Musulmin Amurka baƙaƙen fata ne.

A 2017 gidauniyar MacArthur ta ba Nashashibi kyautarta ta dala 625,000. Shekara ɗaya bayan haka ya samu kyautar Opus ta dala miliyan 1, wadda ake ba masu hidimar jama'a bisa dalilin addini.

Alƙawari da cikawa

Ba kowane alƙawari ne ke cika da wuri ba. A 1838, limaman ɗarikar Jesuit ta Katolika sun sayar da bayi 272 kan dala 115,000, aka yi amfani da wani ɓangare na kuɗin wajen biyan basukan kwalejin da ta zama Jami'ar Georgetown. An kai bayin gonakin jihar Louisiana.

Bayan tattaunawar da gidauniyar Kellogg ta tallafa wa, a watan Maris na 2021 shugabannin ɗarikar suka yi alƙawarin tara dala miliyan 100 domin wata gidauniya da suka kafa tare da jikokin bayin. Sun fara da zuba miliyan 15.

Shekara ta zagayo, shugabannin jikokin suka fito suna ƙorafin cewa tara kuɗin na tafiyar hawainiya. Sai a watan Satumban 2023 aka sanar da ƙarin dala miliyan 27 daga ɗarikar da jami'ar. Burin jikokin shi ne asusun ya kai dala biliyan 1. Wasu jikokin ma sun ce ba a tuntuɓe su ba kafin a ƙulla yarjejeniyar.

Ladan kuturu

Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan ita ce babbar sukar da ake yi wa tallafin gidauniyoyi.

A 1962, gidauniyoyin Taconic da Field da Stern sun zuba kuɗi a shirin yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe a jihohin kudu, ƙungiyar Martin Luther King ta limaman coci na cikin waɗanda suka shiga. Gwamnatin Kennedy ta goyi bayan shirin, kuma wasu matasan 'yan gwagwarmaya sun yi zargin cewa dabara ce ta janye su daga zanga-zangar da ke kunyata gwamnati. Duk da haka, shirin ya yi wa dubban ɗaruruwan mutane rajista.

Masaniyar siyasa Megan Ming Francis ta yi nazarin yadda a shekarun 1920 zuwa 1930 kuɗin wata gidauniya suka karkatar da hankalin ƙungiyar NAACP daga yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe zuwa shari'o'in makarantu.

Akwai kuma matsalar aƙida. Asusun CCHD ba ya tallafa wa ƙungiyar da ke goyon bayan abin da ya saɓa wa koyarwar Katolika, kamar zubar da ciki ko auren jinsi, kuma ya sha janye tallafi saboda haka. Masu ra'ayin riƙau a cocin na cewa duk da haka asusun ya karkata ga siyasar masu sassaucin ra'ayi. Wasu gidauniyoyin da ba ruwansu da addini kuma suna ɗari-ɗari da wuraren ibada, don gudun kada kuɗinsu su tafi wajen wa'azi.

Sabuwar barazana

A ranar 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wa jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Edward Blum, wanda ya jagoranci ƙarar, bai tsaya nan ba. Wata ƙungiyarsa ta maka Fearless Fund a kotu saboda tallafin dala 20,000 da ake ba mata baƙaƙen fata masu ƙananan sana'o'i. Hujjarsa ita ce ware tallafi ga launi ɗaya shi ma wariya ne. A watan Satumban 2024 aka sasanta, aka rufe shirin.

A watan Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan umarnin da ya nemi hukumomi su zaƙulo cibiyoyin da za a iya bincika kan shirye-shiryen da suka shafi launin fata. Gidauniyoyin da dukiyarsu ta kai dala miliyan 500 na cikin jerin.

Tuni wasu masu bayar da tallafi suka fara sauya kalamai. Maimakon ambaton launin fata, sai su ambaci unguwa ko ƙarancin kuɗin shiga. Wasu kuma, irin su MacArthur, sun sanar da ƙara yawan abin da suke rabawa.

Ƙungiyoyin da suka fi jure irin wannan yanayi su ne waɗanda ba su dogara da hannu ɗaya ba. Tun zamanin Saul Alinsky, wanda ya kafa gamayyar da BUILD ke ciki a 1940, ƙa'idar ita ce kowane coci ko masallaci ya riƙa biyan kuɗin ƙungiya daga aljihun mabiyansa, domin kada wata gidauniya ta iya kashe ƙungiyar da wasiƙa ɗaya.

Ga mazaunin Englewood, duk wannan muhawara tana komawa ne kan abubuwa na kusa: ko kantin ganye zai ci gaba da buɗewa, ko likita zai zauna a asibitin unguwa, ko ɗansa da ya fito daga kurkuku zai samu wanda zai koya masa sana'a. Amsar na hannun kotuna da gidauniyoyi, tana kuma hannun masu jefa sadaka a akwati ranar Juma'a da ranar Lahadi.