Motar Da Ke Zama Ɗakin Kwana

A Ostareliya, inda matafiyi kan kwana biyu a daji bai ga masauki ba, wasu sukan mayar da Toyota Land Cruiser, musamman samfurin 78 na 1999, ɗakin kwana da hannunsu. Sukan yanke rufin, su kewaye bakin da ƙarfe, domin rufi na cikin abin da ke riƙe jikin mota. Sannan a maƙala shi ta gaba, ya riƙa buɗewa kamar murfin akwati, sandunan gas na tallafe da shi, tamfol ya rufe gefe. Gado yana sama. Amma fa a kula da nauyi, don idan ya yi yawa a bisa, mota kan kife a gangare. Robar bakin rufin kuwa in ba ta zauna ba, ƙura da ruwan sama sai sun shigo.