Shirya Mota Domin Hanyar Ƙauye: Sifirin, Shokazoba da Bamba

Da zarar damina ta kankama, hanyoyinmu na ƙauye sukan zama taɓo da ramuka, wani wurin ma sai an ratsa rafi. Motar da ke kai marar lafiya asibiti ko ta kawo taki da hatsi ita ce ke shan wannan wahala. Shi ya sa kwamitin da ke lura da motar ikilisiya ko ta ƙungiyar manoma yakan sami shawara iri biyu: a ɗaga motar, a kuma sa mata bamban ƙarfe. Dukansu suna da amfani, amma kafin a fitar da kuɗin jama'a, ya kamata mu gane cewa maganar duka ta nauyi ce.

Aikin sifirin dabam, na shokazoba dabam

Sifirin shi ne ke ɗauke da nauyin mota. Shokazoba ba ya ɗaukar kaya, aikinsa shi ne ya kwantar da tsallen da sifirin ke yi bayan taya ta faɗa rami. Idan bayan mota ya zauna ƙasa, matsalar sifirin ce, sabon shokazoba ba zai tashe shi ba. Idan kuwa mota tana ta rawa bayan an wuce gargada, shokazoba ne ya mutu. Direba zai iya gane wannan da kansa. Bayan tafiya a mummunar hanya, ya taɓa jikin shokazoba a hankali. Mai aiki yakan yi ɗumi, matacce kuwa yana nan da sanyinsa, sau da yawa ma za a ga mai yana tsiyaya a jikinsa. A riƙa canja su biyu biyu, hagu da dama.

Sifirin kuma iri iri ne. Toyota Land Cruiser 70, wadda ta fito a 1984, manyanta suna da sifirin mai falle-falle gaba da baya, sai a 1999 aka mayar da na gaba ya zama mai naɗi. Hilux ta tun daga 2005 tana da mai naɗi a gaba, mai falle a baya. Makanikai sun fi son mai falle domin ana iya kwance shi a ƙara masa falle ɗaya ko biyu a kowane gareji.

A nan ne kuskure yakan shigo. Ƙarin falle yana hana bayan mota zama, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa aksul ko taya ko shasi ba. A-kori-kura irin Hilux an yi ta ne domin nauyin kimanin tan 1, wato buhu 10 na masara mai kilo 100, kuma direba da fasinja suna cikin wannan lissafi. Wanda ya ga mota ta daina zama ya loda mata buhu 18, ya ɓoye alamar ne kawai, nauyin yana nan. Sannan sifirin mai tauri yakan sa mota ta riƙa dukan mutum in ba kaya a ciki. Ga motar da ke ɗaukar mata masu naƙuda da waɗanda suka yi karaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zaɓi sifirin bisa ga kayan da motar ke ɗauka kullum, ba na ranar kasuwa ɗaya a shekara ba.

Game da ɗagawa, inci 2 ya isa. In aka wuce haka, tiyon birki yakan miƙe har ya tsinke, farfela ta karkace, sitiyari ya canja hali, motar kuma ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an jibga kaya a kan kariya. A kuma sani cewa ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun da ke tsakiyar aksul na baya, wanda shi ne ke fara kama tudun tsakiyar hanya. Tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Bayan aiki, a sa sababbin ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul, a sake ɗaure notinsu bayan tafiyar 'yan kwanaki, a kuma kai motar a daidaita ƙafafunta.

Bamban ƙarfe

Bamba mai kyau yana kare lagireto da fitilu daga kututture ko dabbar da ta faɗo hanya da dare, yana kuma ba da wurin ɗaura igiya in mota ta kafe. Masu walda na garuruwanmu suna iya ƙera shi, sai dai a zauna da su tukuna. Da yawa suna ganin kaurin ƙarfe shi ne ƙarko, sai su haɗa abin da mutum biyu ba za su iya ɗagawa ba. Bamban ƙarfe yakan kai kilo 40 zuwa 60, kuma da yake yana rataye a gaban ƙafafun gaba, yana danne su fiye da nauyinsa. Saboda haka a fara ƙera bamba, sa'an nan a zaɓi sifirin gaba. In aka juya tsarin, za a biya kuɗi sau biyu.

Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 3 ya isa jikin bamba, mariƙansa ne ke bukatar mai kauri. Kada a yi walda a jikin shasi, gama zafin wuta yana raunana ƙarfen, daga baya ya tsage daidai wurin. A ɗaure shi da kusoshi masu noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda, irin waɗanda aka buga wa lamba 8.8 a ka. A bar wa iska hanya zuwa lagireto, in ba haka ba injin zai riƙa zafi a watan Maris da Afrilu. Igiyar ja kuma a ɗaura ta a ƙugiyar da ke haɗe da shasi, jama'a su ja da baya nesa, domin ƙarfen da ya fizge yana iya kashe mutum.

Akwai abu biyu da mai walda ba lalle ya faɗa ba. Motocin da ke da jakar iska ta kare direba an auna gabansu ne yadda zai lanƙwashe ya shanye bugu, bamba mai tauri yana iya sa jakar ta buɗe ba a kan lokaci ba. Irin wannan mota tana bukatar bamban da aka ƙera musamman dominta. Na biyu, bamban ƙarfe ya fi yi wa mai tafiya a ƙasa rauni, abin da ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a kansa a 2005. Motarmu tana ratsa kasuwa da ƙofar makaranta, kuma tsayin bamba daidai yake da kan ƙaramin yaro. A ce wa mai walda ya lanƙwasa kusurwoyi, ya goge kaifi, kada ya bar wani ƙarfe ya yi tsini a gaba.