LISSAFIN WATA DA LISSAFIN DAMANA A ƘASAR KURFAI

Manoman Filinge da Shikal da Tukunus waɗanda suka manyanta suna tune da shekarar 1984, shekarar fari, lokacin da azumi ya faɗo cikin watan Yuni, aka yi ta jiran ruwan shibka da ƙishirwa a baki. A shekarar 2000 cikin sanyin Disamba aka yi shi. A 2017 sai ga shi ya komo Yuni. Mine ne ke sa watan azumi yawo daga bazara zuwa ɗari, alhali damana ba ta barin lokacinta? Amsar tana cikin tafiyar wata da ta duniya.

Wata yana kewaya duniya daga nisan kilomita wajen 384 000, yana kuma gama kewayo ɗaya cikin kwana 27 da awa kusan 8. Amma daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne. Dalili kuwa, yayin da wata ke kewayonsa, ita ma duniya tana gusawa bisa hanyarta ta kewaya rana, sai wata ya ƙara tafiyar kwana biyu kafin ya sake shiga tsakaninsu. Shi ya sa wani watan ke yin kwana 29, wani 30, wata goma sha biyu kuma su ba da kwana 354.

Ita duniya, nisanta da rana kilomita miliyan 150 ne, kuma sai ta yi kwana 365 da awa kusan 6 take gama kewayonta. Wannan tafiyar ce ke kawo rani da bazara da damana da kaka. Tsakanin shekarun biyu akwai bambancin kwana 11. Kowace shekara watannin Musulunci suna rigan na bara da kwana 11, har cikin shekara 33 su zagaye lokutan shekara duka su komo inda suka taso, kamar yadda aka gani daga 1984 zuwa 2017.

Masanin taurari Kepler, mutumen Jamus, ya bayyana ƙa'idar wannan al'amari a shekarar 1619: gwargwadon nisan abu da wanda yake kewayawa, gwargwadon daɗewarsa kafin ya gama kewayo. Na nesa hanyarsa ta fi tsawo, gudunsa kuma ya fi ragwa. Zara, wadda ake kira matar wata, ta fi duniya kusa da rana, kwana 225 sun ishe ta. Marriku, jan tauraron nan, kwana 687 yake yi. Mushtari yana ɗaukar shekara kusan 12, Zuhal kuwa shekara 29 da rabi.

Taurarin ɗan Adam ma wannan ƙa'ida suke bi. Wanda ke tafiya bisa kilomita 400 yana kewaye duniya cikin minti 90 da ƴan kai. In aka aza shi bisa kilomita 36 000 daidai tsakiyar duniya, kewayonsa kwana ɗaya ne, daidai da juyin duniya bisa kanta, sai ya zama kamar yana tsaye wuri guda. Haka aka aza tauraron Meteosat na farko a 1977 domin ya riƙa ɗauko hoton gizagizan Afirka dare da rana. Cibiyar Agrhymet da aka kafa a Yamai a 1974 tana aiki da irin waɗannan hotuna wajen ƙiyasta ruwan da ya sauka a ƙasashen Sahel.

Ga manomin Dallol Boso, wanda damanarsa ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, wannan lissafi yana da nauyi. Wanda ya ce bara ya yi shibka cikin watan kaza na Musulunci, bana ma haka zai yi, to ya rigi lokaci da kwana 11, baɗi da kwana 22, irin hatsinsa na iya ƙonewa cikin rairayi. Tsofaffi sun san da haka, shi ya sa suke duban Kaza da ƴaƴanta, taurarin da ke ɓuya cikin watan Mayu su sake fitowa da asuba cikin Yuni, don fitowarsu da shekarar rana take tafiya. Saboda haka ya kamata ma'aikatan gona da malaman yaƙi da jahilci su riƙa rubuta ranakun ruwan farko da na shibka bisa kalandar rana, a bar ma wata lissafin azumi da salla.