Ƙafar Rafael Nadal

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da a ke kira tanis. Mutum biyu su kan tsaya a fili mai tsawon yadi 26, da raga a tsakaninsu. Kowa yana riƙe da abin bugu mai kama da faifai, mai doguwar ƙota, an saƙa tsakiyarsa da tsirkiya. Da shi su ke buga wa juna ɗan ƙwallo wanda bai fi lemo girma ba. Ƙwallon nan ya kan yi gudun da ya wuce mil 100 a awa. Saboda haka mai wasa ba shi da hutu. Ya ruga dama, ya ci birki, ya juya, ya ruga hagu. Wani lokaci a yi awa huɗu ko biyar ana haka.

Waɗansu mutane ba su da wata sana'a sai wannan. Jikinsu shi ne gonarsu, shi ne jarinsu. Yau za mu duba labarin ɗaya daga cikinsu, mu ga yadda ciwo ya ke kama jikin mai ƙarfi, da yadda a ke jinyarsa.

Sunansa Rafael Nadal. An haife shi a 1986 a garin Manacor, cikin wani tsibiri na ƙasar Sifen. Ƙanen ubansa, Toni, shi ya koya masa wasa tun yana ɗan yaro. Manyan gasa na tanis huɗu ne a shekara: ta Ostareliya, da ta Faransa, da ta Ingila, da ta Amurka. A 2005, yana da shekara 19, ya ci ta Faransa a zuwansa na fari. Sunansa ya gama duniya.

Kafin shekarar nan ta ƙare sai ƙafarsa ta hagu ta hana shi takawa.

Ku duba ƙafarku. Daga idon sawu zuwa 'yan yatsu akwai ƙasusuwa 26. A tsakiya, a saman wurin nan da ya lanƙwashe ba ya taɓa ƙasa, akwai wani ɗan ƙashi mai siffar kwalekwale. Ƙarami ne, amma nauyin jiki ta kansa ya ke bi duk sa'ad da mutum ya taka. Likitoci suka duba na Nadal, suka ga ba shi da lafiya, yana lalacewa a hankali. Ana kiran cutar Mueller-Weiss, watau sunayen likitoci biyu da suka bayyana ta. Ba targaɗe ba ce, ba kuwa irin karayar da a ke ɗorawa ta haɗe ba. Ba a warkewa daga ita, sai dai a lallaɓa.

Dabarar da aka yi ita ce, aka yi masa wata shimfiɗa a cikin takalmi, wadda ta ke kau da nauyi daga kan ƙashin nan. Dabara ta yi amfani. Bai je gasar Ostareliya ta 2006 ba, amma cikin watan Yuni ya sāke cin ta Faransa.

To, amma fa nauyi ba ya ɓacewa. In an gyara wa jaki kaya don kada su taɓa miki, ai wani gefen ne zai ɗauka. Haka ya faru. Shi da kansa ya faɗa cewa nauyin da aka ɗauke wa ƙafa ya koma kan gwiwa da baya.

A nan sai mu tsaya mu rarrabe wani abu. Mu Hausawa abu uku mu ke kira jijiya. Akwai wadda jini ke bi. Akwai wadda ke kai labarin zafi ko sanyi zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma mai tauri kamar igiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. Ta ukun nan ita ce ta dami Nadal a gwiwa. Ku taɓa ƙarƙashin ƙoƙon gwiwarku, za ku ji ta. Duk wanda ya yi tsalle ko ya ci birki, ita ya ja. In ana ja kullum ba hutu, sai ta riƙa tsintsinkewa kaɗan kaɗan, kamar igiyar guga a bakin rijiya.

Tsoka tana da jini da yawa, don haka ta kan warke da sauri. Agara kuwa jininta kaɗan ne. Jini shi ke kawo abincin gyara. Shi ya sa ciwon agara ya kan ɗauki watanni.

A 2009 ciwon gwiwa ya hana shi zuwa gasar Ingila, alhali shi ya ci ta a shekarar da ta wuce. A Yuni na 2012 abin ya fi tsanani, agarar gwiwar hagu ta ɗan yage. Ya ajiye wasa wata bakwai cur.

Kada ku zaci kwanciya ya yi wata bakwai. Gaɓar da aka bari ba motsi ta kan sandare, tsokar wurin kuma ta rame. Duk wanda ya ga hannun da aka kwance wa ɗori ya san haka. Masu jinyar 'yan wasa daki-daki su ke bi. Da fari hutu, har kumburi ya sauka. Sa'an nan motsi marar nauyi, kamar iyo cikin ruwa ko tuƙa keken da ba ya tafiya. Sa'an nan a ƙarfafa tsokar cinya, domin in cinya ta yi ƙarfi ta kan rage wa gwiwa aiki. Sai bayan wannan a fara gudu. In zafi ya komo, a ja da baya, a sāke lale. Abin da ya fi wuya cikin wannan duka shi ne haƙuri, gama zafi ya kan tafi tun agara ba ta gama haɗewa ba, mutum ya ga kamar ya warke.

Ku lura da yadda ya komo. Bai fara da babbar gasa ba. A Fabrairu na 2013 ya tafi wata ƙarama a ƙasar Chile, inda filin na jar ƙasa ne. Jar ƙasa tana da taushi, mai wasa ya kan zame a kanta maimakon ya ci birki, ba kamar daɓe mai tauri ba. An kā da shi a wasan ƙarshe. Amma kafin shekara ta ƙare ya ci gasa goma, har da ta Faransa da ta Amurka, ya koma na ɗaya a duniya.

Bayan wannan ya sha fama da wuyan hannu, na dama a 2014, na hagu a 2016.

Ƙafar nan kuwa tana nan, ba ta manta da shi ba. A Agusta na 2021 ta sāke tsai da shi, har aka gan shi yana dogara sanda biyu. Mutane da yawa suka ce ya gama. Wata biyar bayan haka, a Janairu na 2022, ya kai wasan ƙarshe a Ostareliya. A irin wannan gasa wanda ya riga cin turmi uku shi ke da nasara. Abokin karawarsa, Daniil Medvedev, ya ci biyu na fari. Nadal ya ci ukun da suka rage. Awa 5 da minti 24 suka yi, shi kuwa yana da shekara 35.

A Yuni na shekarar nan ya ci gasar Faransa karo na 14. Amma da tsada ya ci. Kafin kowane wasa likita ya kan yi masa allura a jijiyar ƙafa, irin ta biyun nan mai kai labari, sai ƙafar ta yi barci. Yana gudu a kanta, ba ya jin ta. Mu dai a ganinmu wannan ba magani ba ne. Zafi ɗan aike ne. In ka toshe bakin ɗan aike, gobarar da ya zo faɗa ba ta mutu ba. Shi ma Nadal ya ce ba zai ci gaba da haka ba. Bayan gasa aka ƙona 'yan jijiyoyin wurin da wata na'ura, zafi ya ragu, ƙashi kuwa yana yadda ya ke.

Daga nan jiki ya fara ƙi. Wata guda bayan haka tsokar cikinsa ta yage a gasar Ingila, ya janye saura wasa biyu ya ci. A Janairu na 2023 ya ji ciwo a kwatangwalo na hagu. Aka yi masa aiki cikin Yuni, bai sāke wasa ba duk shekarar. Ya komo a 2024, amma gudun da ya sani bai komo ba. A watan Nuwamba, a birnin Malaga na ƙasarsu, ya yi wasansa na ƙarshe yana da shekara 38. Manyan gasa 22 ya ci, dukansu ban da ta fari a kan ƙafar nan marar lafiya.

A Mayu na 2025 mutanen Faransa suka kira shi Paris. Suka share ƙasa a gefen ragar babban filinsu, sai ga wani allo an kafa, da sawun ƙafarsa a kai, da lamba 14.