Koyon Sabon Harshe da Halin Yaranmu

Wanda ya tsaya a Ƙofar Mazugal ta birnin Kano, wajen Fagge, zai ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da Yarbanci da Turanci. Cikin irin wannan cakuɗa yaranmu suke sauka idan sun je cin rani ko makaranta. Waɗansu nan da nan bakinsu ya buɗe. Waɗansu kuwa sai su daɗe shiru, ana cutarsu wajen ciniki. Kaifin ƙwaƙwalwa yana taimakawa, amma hali ma yana da nasa rabo.

Harshe da baki ake koyonsa. Yaron da yake tsoron a yi masa dariya ba ya magana, wanda ba ya magana kuwa ba ya samun gyara. Mai yawan shiru ba daƙiƙi ba ne. Sau da yawa ya fi iya sauraro, sai dai yana bukatar mutum ɗaya ko biyu da zai saki jiki da su. Koyon kuma yana gyara mai koyo. Yakan koya masa haƙuri da tawali'u, ya ba shi ƙarfin zuciyar yin tambaya.

Ku dubi Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bawa. Bayan an 'yanta shi, ya bi Bature Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Can ya koyi Turanci, ya taimaki Rabaran Schön wajen rubuta Hausa. Labarin rayuwarsa yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. Turanci ya buɗe masa ƙofa, amma Hausar da ya riƙe ita ce ta sa aka bukace shi.

Don haka kada a yar da harshen gida. A 1970 Farfesa Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6 na firamare. Ba su koma baya a Turanci ba.

Abin da za mu yi:
- Kada mu yi wa yaro ba'a idan ya yi kuskure. Mu maimaita maganar daidai kawai.
- Mu haɗa yara masu kunya biyu biyu su yi hira.
- Mu ci gaba da tatsuniya da gaisuwa cikin yarenmu a gida.

Tambayoyi don tattaunawa:
- Harsuna nawa ake ji a ƙauyenmu?
- Wa zai zauna da yaranmu su gwada bakinsu kafin su tafi birni?