Tsoron Jama'a: Daga Ina Yake Tasowa?

Mun sha ganin haka a Dogon Dutsi da Tibiri. Manomi ya san abin da zai faɗa, amma in aka ce ya tashi a taron ƙungiya sai gabansa ya faɗi, bakinsa ya bushe. Wata kuwa ta daina zuwa ajin yaƙi da jahilci don kada a kira ta gaban allo. Sai mu ce kunya ce, wasu su ce iska ce.

Kunya ado ce. Amma wadda ke hana mutum cin kasuwar Juma'a, ko faɗa wa likita ciwonsa, ta zama cuta, kuma tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa.

Can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunnuwa, akwai wasu ƙwayoyi biyu, kowace ta ɗan fi gujiya girma. Sunansu amigdala, aikinsu gadi. Da sun hango hatsari sai su aika saƙo ga jiki, sinadarin adiranalin ya zubo cikin jini, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya karyo. Bayan goshi kuwa akwai sashen da ke auna al'amari, shi ke tsawata musu kamar yadda maigida ke tsawata wa kare in ya yi wa baƙo haushi. Ga mai wannan cuta, idanun jama'a kaɗai sun isa su ta da masu gadin, tsawar kuma ba ta kwantar da su da sauri.

A 1994 masana a Amurka suka ba da labarin wata mata da amigdalarta biyu suka lalace, har ba ta gane tsoro a fuskar mutane. A 2002 kuma, a Upsala ta ƙasar Suwidin, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu tsoron jama'a. Waɗanda suka samu sauƙi, ta horo ko ta magani, an ga amigdalarsu ta lafa.

Ashe mai gadi yana jin horo. Mu fara magana gaban mutum biyu, sannan biyar, sannan taro, muna numfashi a hankali. Gudu ƙara tsoro yake yi. Kada mu nemi ƙarfin hali a wurin tiramadol. In abin ya daɗe, mu je asibitin Dogon Dutsi ko na Doso. In ɗan'uwa ya kakare a taro kuma, mu yi masa haƙuri, kada mu yi dariya.