Tirelar gwangwani da batun awo

Lokaci zuwa lokaci sai wani bidiyo ya karaɗe wayoyin jama'a: yaro ɗan sakandare, ko ma wanda bai taɓa zama a aji ba, ya haɗa tirela da gwangwanin madara da kwali da tsohon silifa, ya sa mata batir, fitilu suna walƙiya, tana zagaya tsakar gida. Kafin la'asar an rabu gida biyu a Facebook. Wasu na cewa Allah ya ba mu injiniya, gwamnati ta buɗe masa kamfani mu huta da motocin Kwatano. Wasu kuma na cewa ai wasan yara ne, su ma sun yi motar kara da ta langa-langa suna ƙanana, ba su ga inda ta kai su ba. Daga nan sai wani babba ya aika a kawo yaron ofis, a ɗauki hoto, a miƙa masa ambulan, magana ta mutu.

Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, amma na farkon ya fi damuna, domin cutar da yaron yake yi da sunan yabo. A ƙarƙashin wannan yabon akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan har da masu digiri, wai ƙaramar motar nan mota ce, girma kawai ya rage mata, da za a ba yaron ƙarfe da injin walda sai ya maimaita abin da ya yi a babba. Lissafi bai yarda da haka ba.

Masu sana'ar haɗa ƙananan motoci a duniya suna aiki ne da ma'auni tsayayye. Wanda ya fi yaɗuwa a motocin da ake haɗawa da hannu shi ne 1:24, wato kowace santimita ɗaya a jikin ƙaramar tana wakiltar santimita 24 a jikin babbar. Amurkawa sun fi son 1:25, ƙananan motocin ƙarfe irin Hot Wheels kuma suna wajen 1:64. Ɗauki Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna. Tsawonta kusan mita huɗu da rabi ne, don haka a 1:24 ba za ta kai santimita 19 ba. Wannan kowa zai iya lissafa shi. Abin da ake mantawa shi ne ba komai ke raguwa da 24 ba. Faɗin kowace fuska, da kaurin kowane ƙarfe idan aka yanke shi aka dubi bakinsa, suna raguwa ne sau 24 sau 24, wato 576. Nauyi kuwa yana raguwa sau 24 har sau uku, wato 13,824. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200, in da za a ƙanƙance ta daidai wa daida, ba za ta kai giram 90 ba.

Yanzu a juya lissafin. Ka kumbura tirelar yaron sau 24: nauyinta ya ninka sau 13,824, amma ƙarfin sandar da ke riƙe da tayoyinta sau 576 kawai ya ninka. Kowace gaɓa tata ke nan tana ɗauke da kaya ninki 24 na abin da ta saba ɗauka. Tururuwa tana jan ƙwayar dawa da ta fi ta nauyi, kowa ya gani, amma da za ta kai girman jaki da waɗannan siraran ƙafafun nata, ko tsayuwa ba za ta iya ba, balle ɗaukar mangala. Shi ya sa ƙaramar mota ke faɗowa daga kan tebur a ɗauke ta lafiya lau, alhali in aka kwatanta, tamkar babbar ta faɗo ne daga bene mai hawa shida.

Gwangwanin ma kansa yaudara ce. Kaurinsa wajen kashi biyu cikin goma na milimita ne, wanda in aka ninka da 24 ya kusa milimita 5. Ƙarfen bodin motar gaske bai kai milimita ɗaya ba. Da za a bi tsarin yaron a yi babba, motar yaƙi za a samu, ba ta haya ba. Haka batun iska. Domin iska ta bi jikin ƙaramar mota yadda take bin babbar da ke gudun kilomita 100 a awa, sai an hura mata iska mai gudun kilomita 2,400, kusan ninki biyu na gudun sauti. Wannan ne dalilin da ya sa masu tseren Formula 1 ke gwada samfurin da ya kai kashi 60 cikin ɗari na girman motar, ba ɗan abin da za a riƙe a tafin hannu ba. Ba mu ma taɓo zafin injin, da birki, da abin da ke faruwa da fasinja ranar karo ba.

To, in ba mota ya ƙera ba, me ya yi? Nan ne masu cewa wasan yara ne suke nasu kuskuren. Yaron da ya kalli DAF tana wucewa, ya riƙe siffarta a kansa, ya fitar da ita da almakashi da ƙusa, yana da ido da hannu, kuma waɗannan biyun ba a sayensu a kasuwa. Abin da ya rasa guda ɗaya ne: awo. Dubi irin waɗannan motocin da kyau, za ka ga tayoyin sun yi wa bodin girma, madubin gefe ya kai rabin ƙofa, kan motar wani ma'auni, bayanta wani. Babu wanda ya taɓa ce masa ya ɗauki tef ya je tasha ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya, ya raba da lamba ɗaya, ya riƙe wannan lambar tun daga bamba har salansa.

A wajen waɗanda suka mai da abin sana'a, awon nan shi ne komai. Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan, wanda ya faro da harkar katako a 1946, da ya tashi yin samfurin Porsche 934 a ma'aunin 1:12, wanda ya fito a 1976, sai da ya sayi Porsche 911 ta gaske aka kwance ta gunduwa-gunduwa ana aunawa. Abin da mai saye ke samu a kwali shi ne gutsattsarin roba da yawa a manne da firam, ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakin yankan, ya gwada su a bushe kafin ya sa gam. Gam ɗin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, ya fi kama da walda, kuma ɗigo ɗaya in ya zube a gilashi ya ɓata shi ke nan.

Fenti ne ke tona asirin mai gaggawa. Duk fentin da ke jikin motar gaske, daga shafin farko har mai ƙyallin ƙarshe, bai wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. In ka shafa wa ƙaramar mota fenti da buroshi har ya kai rabin milimita, tamkar ka yaɓa wa babbar fentin da ya fi santimita ɗaya ne. Layin ƙofa ya cike, marikin ƙofa ya nutse. Tsagar da ke tsakanin ƙofa da bodi a motar gaske wajen milimita huɗu ce, a 1:24 kuwa ba ta kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Saboda haka sai a wanke bodin da sabulu don cire maiƙo, a fesa shafin farko mai ruwan toka wanda ke fito da kowane ƙarce, a goge da samfefa mai laushi da ruwa, sannan a riƙa fesa launin sama-sama, a bari ya bushe, a sake. Duk mai fentin mota a garejin unguwa ya san wannan jerin, nasa ne aka ƙanƙance. Wasu gwanayen ma ba sabuwar mota suke so ba. Tsohuwar gingimari suke kwaikwayo, su sa tsatsa a inda ruwa ke kwanciya, baƙin gas a gefen tanki, jar ƙura a ƙasan bodi, kuma wannan ya fi wuya, don sai ka san yadda mota ke tsufa.

A nan akwai abin da masu tafi ba sa tambaya: da wane fenti yaron yake aiki, kuma a ina? Sau da yawa ragowar fentin mota ne da tina, a cikin ɗaki, ƙannensa na zaune. Tururin tina yana taɓa kai da huhu, kuma yana kama wuta nan take. Fentin mai masu launin rawaya da ja su ne aka daɗe da sanin ana zuba wa sinadarin dalma. A 2007 kamfanin Mattel, duk girmansa, sai da ya janye dubban ɗaruruwan ƙananan motocin ƙarfe daga kasuwa saboda dalma a fentinsu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani a kan jaririn da ke tsotsar motar yayansa.

Sana'ar tana da gurbi a masana'antar mota, gurbi na gaske. Tun da Harley Earl ya kafa sashen zane a kamfanin General Motors a 1927, siffar mota da yumɓu na musamman ake fara fitar da ita, ƙarama tukuna sannan mai cikakken girma, kuma har yau da kwamfuta ta mamaye komai manyan kamfanoni ba su sallami masu sassaƙa yumɓun ba. Kamfanin ya kuma san inda ake samo irin waɗannan hannayen. Daga 1930 zuwa 1968 ya ɗauki nauyin wata gasa ta samari mai suna Fisher Body Craftsman's Guild. Da farko keken doki na sarauta ake sa su kwaikwaya, daga baya aka ce kowa ya zana motar da ke ransa ya sassaƙa ta a ma'aunin 1:12. Ana aika wa yaro takardar ƙa'idoji da awo, alƙalai su duba tsabtar aiki da fenti da bin ma'auni, wanda ya ci a biya masa kuɗin karatu. Miliyoyin yara sun yi rajista. Chuck Jordan, wanda ya ci a 1947, shi ne daga baya ya zama shugaban sashen zane na kamfanin gaba ɗaya.

Ana yawan kawo sunan Jelani Aliyu a wannan muhawara, kuma daidai ne a kawo shi, sai dai a kan tsallake tsakiyar labarin. Tsakanin yaron Sakkwato mai son zanen mota da mutumin da ya zana Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, akwai karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, akwai tallafin karatu na jihar Sakkwato, akwai shekaru a makarantar zane ta Detroit har ya gama a 1994, sannan ya shiga General Motors. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da tsara motoci ta Nijeriya. Kowane mataki a ciki makaranta ce da awo da mai duba aiki ya ce a sake.

Gasa irin wadda aka yi a Amurka ba ta fi ƙarfin ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ba. Takarda ce guda mai ɗauke da awon mota ɗaya da kowa ya sani, da ma'auni ɗaya da za a bi, da sharaɗin irin fentin da aka yarda da shi, a raba wa makarantu da tsangayu, ladan kuma ya zama gurbi a kwalejin fasaha maimakon ambulan. Alƙalai ma ba sai an ɗauko su daga waje ba. Maƙeran Panteka a Kaduna, da masu fentin mota, da kafintocin da ke haɗa bodin katako na manyan motoci, daga taku goma za su gane ƙofar da ta karkace da tayar da ta yi wa bodi girma, kuma ba za su ji nauyin gaya wa yaron ya koma ya sake aunawa ba.